Wanda Ya Tayar da Kwamfutar Likita

Jama'a, assalamu alaikum. Abin nan da zan faɗa muku ba a majalisa na tsince shi ba, ba kuma wani ne ya ce wani ya ce ba, a kaina ya faru, wallahi tallahi. Wanda ya yarda shi ke nan, wanda bai yarda ba ma ban ga laifinsa ba, ni kaina da wani ne ya ba ni da sai na yi masa dariya.

Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan shagona a Ikara kusa da tasha, ina gyaran kwamfuta da firinta, wani lokacin har waya idan kasuwa ta yi sanyi. Asalinmu mutanen wani ƙauye ne a yankin Gubuchi, can iyayena suke, Baba manomin rake ne da masara, kuma ni ne ɗansa na fari, shi ya sa tun da na taso ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, daga "kai" sai "yaron nan", ko da kuwa na yi gemu na ajiye iyali.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce, an kwana ana tafka ruwa da tsawa, da safe ma bai ɗauke duka ba, yayyafi ake ta yi. Na ɗaura jakar kayan aikina a bayan mashin zan je Kudan, wani mai shagon buga takardu ya kira ni akwatin wutar kwamfutarsa ya ƙone, na ɗauko masa sabo. Na kusa shiga Makarfi kenan waya ta yi ƙara, na tsaya a gefen titi, sai na ji muryar ƙanina Isuhu, wanda yake noma tare da Baba, yana magana kamar ana shaƙe shi. Wai bijimin huɗarmu ne ya firgita da tsawa, ya matse Baba a jikin amalanke, ya tunkuye shi a haƙarƙari, yanzu haka suna wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan cikin Makarfi. Ban san yadda aka yi na isa ba.

Na tarar da Baba a kwance an sa masa ƙarin ruwa, babu jini ko ɗigo a jikinsa, amma kai, leɓensa ya yi fari fat, gumi yana karyo masa alhali garin da sanyi, cikinsa ya ɗan tasa ya yi tauri. Inna, mahaifiyarmu, tana zaune a ƙasa ta jingina da bango tana jan carbi, ko ɗago kai ba ta iya yi. Likitan wani dattijon mutum ne mai magana a hankali, ya ja ni gefe ya ce yana zargin jini ne yake zuba a ciki, amma bai tabbatar ba, kuma Baba yana da hawan jini ga shekaru, idan ya sa masa allurar barci ya buɗe shi ya tarar babu komai, to shi ya kashe shi da hannunsa, idan kuma ya bar shi alhali jinin yana zuba, ba zai kai la'asar ba. Na ce to mu tafi Zariya mana. Ya girgiza kai ya ce ruwa ya cinye kwalbati a hanya, motoci sun yi layi tun asuba, zagaye kuwa ta hanyar burji da wannan jijjigar, gawa za mu kai.

"Ba zan yanka dattijo a makance ba," haka ya ce min. "Ina da na'urar da zan leƙa cikinsa, amma tsawar jiya ta kashe min ita. Ƙaninka ya ce aikinka ne."

Ya kai ni wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda. Na'urar ba wata babba ba ce, kwamfuta ce ta tebur irin wadda kowa ya sani, ga akwatinta a ƙasa, ga allo a sama, ga kibod da maus, sai wani abu kamar kan tocila mai doguwar waya da ake gogawa a cikin mutum, shi kuma ta ramin USB ake jona shi a baya. Da na gan ta sai na ji wani ƙarfi ya zo min, na ce Alhamdulillahi, yau dai ga ranar sana'ata. Na tsuguna na cire duk wayoyin baya, na bar ta allo kawai, mai shuɗin kan nan da ake ɗaurewa da ƙusoshi biyu, na naɗe wayar maus da ta kibod na ture su gefe, na kwance murfin. Warin ƙuna ne ya fara dukan hancina.

Akwatin wutar ya mutu murus, na gwada da mita babu ko motsi. Na zaro sabon da zan kai Kudan, na ɗaura, na jona manyan wayoyin a jikin fanel, wato babban faifan nan kore da komai na kwamfuta yake zaune a kansa. Aka tayar da janareta, na yi bisimilla na danna. Fanka ta juya! Sai kuma na ji ƙarar nan da duk mai gyara ya tsana, tiiit, tiiit, doguwa tana maimaitawa, allo kuwa baƙi ƙirin. Wannan kukan na ram ne. Ga wanda bai sani ba, ram wani ɗan siririn falle ne kamar matajin kai, a nan kwamfuta take riƙe duk abin da take yi a lokacin, idan babu shi ko sunanta ba za ta iya nunawa ba, tamkar mutum ne ba numfashi. Na zare shi, na goge haƙoransa da magogin fensir, na hure gurbin, na mayar. Tiiit. Na sauya masa gurbi. Tiiit. Na sake, na sake, har fankar ma ta yi wani gurnani ta tsaya cak, daga nan ko kukan ba ta ƙara yi ba.

Da na haska tocilar waya sosai sai na ga abin da nake gudu. Ramukan USB na baya sun yi baƙi, robar cikinsu ta narke, kuma ƙunar ta bi ta kan fanel ɗin kamar sawun tsutsa har gindin firosesa, ƙwaƙwalwar na'urar kenan. Jama'a, wannan ba gyara ba ne, jana'iza ce. Na zauna daɓas a kan siminti.

Dabara ɗaya ta rage min. Manhajar da take karanta abin gogawar tana cikin had dis ɗin likita, wato ma'ajiyar da komai yake kwance a ciki, idan na samu wata kwamfutar tebur mai rai zan iya dasa shi a cikinta, wataƙila Allah Ya sa ta karɓa. Akwai wani abokina mai shagon buga takardu a bakin kasuwa, yana da irinta. Na zare ram ɗin na jefa a aljihun gaban rigata don in gwada shi a can, na bar murfin a buɗe, na fito da gudu. A baranda na ji Baba yana nishi yana cewa, "Ina yaron nan?" Na leƙa na ce, "Baba ga ni, yanzu zan dawo." Ban ko shiga ba, na hau mashin.

Na isa na tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Wani tela da yake maƙwabtaka da shagon ya ce ai mutumin ya tafi ɗaurin aure Paki tun safe. Na kira wayarsa a kashe, na kira ta matarsa ba ta shiga. Wallahi ban san lokacin da na ɗauki dutse na hau dukan kwaɗon nan ba, ina duka ina kuka, babba da ni, ruwa yana sauka a kaina, mutane suka fara taruwa, wasu suna cewa ɓarawo ne, wasu suna cewa taɓaɓɓe ne. Telan nan, Allah Ya saka masa, shi ya rungume ni ta baya yana cewa, "Malam, yi salati, me ya yi zafi?" Da na faɗa musu sai kowa ya shiga taimako, wannan ya ruga neman mai walda, wancan ya ce akwai kwamfuta a gidan wani malamin makaranta, aka je aka tarar ta cinya ce, had dis ɗin ba zai shiga ba. Muna nan har aka kira sallar azahar aka idar, mai walda bai zo ba, ni kuwa na durƙusa a cikin taɓo ina cewa ya Allah ko ta wace hanya, ko ta wace hanya.

Sai wayata ta yi ƙara. Isuhu ne. Na ɗauka, na ce a raina shi ke nan an gama. Sai na ji ya ce, "Yaya, ina ka sake fita kuma? Likita yana nemanka, ka tayar da abu ka tafi ka bar shi."

Na ce wane abu?

Ya ce, "Na'urar mana."

Na koma asibitin jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa. Nas ɗin wurin, wata mata mai suna Sista Hajara, ta gan ni ta yi turus, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah, Injiniya, yanzu-yanzun nan ka jiƙe haka?" Ban tsaya ba ta amsa ba. An riga an turo gadon Baba cikin ɗan ɗakin, likita ya shafa masa man nan mai yauƙi a ciki, yana goga abin, kuma allo, jama'a, allo yana kunne tar, hoto fari da baƙi yana motsi.

Na kai idona ƙasa. Murfin yana nan a jingine inda na bar shi. Fanka ba ta juyawa. Gurbin ram babu komai, wayam. Na ɗora hannu a ƙirjina, na ji shi a aljihu, gefensa yana sukar fatata. Wayar abin gogawar kuwa an cusa ta a cikin ramin nan da ya narke, wanda ko da guduma ban ga yadda za ta shiga ba. Na sa bayan hannuna na taɓa akwatin, sanyi ƙalau kamar randa.

Ina nan tsugune sai na ji likita yana cewa, "Yauwa, ɗan yi sama. Hagu kaɗan. Tsaya nan, tsaya nan!" Idonsa yana kan allo, a zatonsa ni nake jan maus. Na ɗaga kai na ga 'yar kibiyar nan tana tafiya a hankali, ba rawa ba karkarwa, ta je kan wani baƙin tabo ta zagaye shi, ta tsaya, hoton ya daskare kamar an danna maɓalli. Maus ɗin kuwa ga shi nan a ƙasa kusa da ƙafata, wayarsa a naɗe yadda na naɗe ta, kibod ma haka. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na so in yi ihu, amma na tuna ran Baba yana kan wannan hoton, sai na ciji hannun rigata.

Likita ya ce, "Saifa ce ta fashe. Sista, a shirya tiyata." Yana rufe baki allon ya ɗauke ɗif.

Daga nan sai guje-guje. Aka ɗebi jinina da na Isuhu, aka shiga da Baba, mu kuma muka zauna a baranda. A nan ne na daure na tambayi Inna wa ya shiga ɗakin na'urar bayan fitata. Ta dube ni kamar na zautu, ta ce wane ne kuwa in ba kai ba? Ta ce ba a daɗe da fitata ba na dawo, na wuce ta gabanta ko sallama babu, har ta ji haushi ta ce a ranta tashin hankali ya mantar da yaron nan ladabi, na shiga ɗakin na ɗan jima, na fito na je gefen gadon Baba na tsuguna na riƙe hannunsa, na kai bakina kunnensa muna magana ƙasa-ƙasa, sannan na miƙe na fita ta ƙofar baya. Ta ce abu ɗaya ne ya ba ta mamaki, ana wannan ruwan amma rigata a bushe take ƙayau. Isuhu ya ce shi ma ya gan ni, har ya yi min magana na ɗaga masa hannu. Sista Hajara daga baya ta ce ita ta riƙe min labule ma na shiga. Telan bakin kasuwa kuwa, da na koma yi masa godiya, ya ce ko a gaban alƙali zai dafa Alƙur'ani cewa tun kafin azahar har bayan sallah ina gabansa.

Tiyata ta yi kyau. Likita ya fito wajen la'asar sakaliya ya ce an cire saifar, an tsayar da jinin, saura addu'a. Da ya huta na ja shi ɗakin, na nuna masa gurbin, na zaro ram ɗin daga aljihu na ajiye masa a tebur, na nuna masa ƙunar. Ya danna maɓallin da kansa, shiru. Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce, "Ni dai na ga saifa, kuma da na buɗe saifar na tarar. Kada ka ƙara tambayata." Kafin a sallame mu na ga an fitar da na'urar an ajiye bayan ɗakin janareta, ruwa yana dukanta.

To da a nan labarin ya tsaya, da na ce muku Allah ne Ya aiko da taimako, mu yi hamdala mu tashi. Amma ba a nan ya tsaya ba.

Washegari da hantsi Baba ya farfaɗo sosai. Ya gane Inna, ya gane Isuhu, har ya tambayi ko an ba shanu ruwa. Na matso da murna na durƙusa na ce, "Baba, sannu, ya jikin?" Ya dube ni da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ya ce, "Lafiya lau, samari, an gode, an gode. Daga ina?" Muka yi dariya, mun ɗauka wasa ne. Inna ta ce, "Malam, yaron nan ne fa." Ya sake dubana da kyau, ya girgiza kai, ya ce, "A'a. Suna dai kama. Nawa ya zo jiya ya riƙe hannuna, ya ce in ba shi abu ɗaya zai tashe ni, na ce ɗauki duk abin da kake so, me nake da shi da ba naka ba? Ya ce to zai je ya dawo."

Isuhu ya ce, "Baba, me ya ce ka ba shi?"

Ya ce ya manta.

Likita ya ce wani lokaci idan jini ya yi ƙaranci a ƙwaƙwalwa ana samun irin haka, zai wuce. Bai wuce ba. Da hanya ta gyaru mun kai shi Zariya, an yi hotuna an ce ba a ga komai ba. An yi rubutu, an yi sauka, an yi sadaka, wani malami daga Furana ya zo ya kwana biyu yana yi masa tofi. Baba ya warke sarai, ya koma gonarsa, yana gane kowa a garin har jikokin maƙwabta, yana gane matata, yana ɗaukar 'ya'yana yana cewa ga 'ya'yan yaron nan, ubanku bai dawo ba har yanzu? Ni kaɗai ne. Idan na je gida sai ya sa a shimfiɗa min tabarmar baƙi a zaure, a kawo min fura, ya zauna yana ba ni labarin ɗansa mai gyaran kwamfuta a Ikara, yadda yake da haƙuri, yadda tun yana ƙarami yake kwance rediyo ya mayar, maganganun da bai taɓa faɗa min ba lokacin da ya san ni. Ni kuwa in sunkuyar da kai in ce Allah Ya dawo da shi lafiya, Baba. Ya ce amin, samari, amin. In fito in hau mashin, sai na yi nisa da gari in tsaya a cikin rake in yi kukana.

Haka muka yi shekaru. Ciwon ajalinsa ba wani mai tsawo ba ne, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Ranar da zai rasu, da safe ne rana ta fito sosai, ina zaune a gefensa ina riƙe da hannunsa, don ya saba da ni a matsayin baƙon nan mai kirki, Inna tana wajen ƙafafunsa, Isuhu ya fita kiran liman. Sai na ji ya zare hannunsa daga nawa a hankali, ya ɗaga kai ya dubi ƙofar ɗaki ta saman kafaɗata, fuskarsa ta washe, irin kallon da na yi shekaru ina nema. Ya ce, "Kai, sai yanzu?" Ya miƙa hannu wajen ƙofar.

Inna ta ɗaga ido ta dubi bayana, ta dube ni, ta sake duban bayana, sai carbin ya faɗi daga hannunta. Ni ban juya ba. Wallahi ban juya ba, na ƙura wa Baba ido ina laƙƙana masa kalmar shahada, ya karɓa, ya cika. Har yau Inna tana raye, kuma duk ranar da na tambaye ta abin da ta gani sai ta tashi ta bar min wurin.

Ban san ko mene ne ba, ban kuma ce muku aljani ne ko wani abu ba, Allah Shi ne masani. Abin da zan ce muku kawai, idan naku yana kwance rai a hannun Allah, komai gaggawa a bar wani a gefensa wanda zai riƙa jin abin da ake faɗa masa a kunne. Idan tashin hankali ya kai ku bango kuna roƙo, ku roƙi Allah alheri ku ambace shi da sunansa, ku san abin da bakinku yake furtawa. Kuma duk wanda ya shigo muku bai yi sallama ba, ko da fuskar ɗan cikinku ya zo, ku tsayar da shi a bakin ƙofa sai ya yi.